Garin da Na Yayyahwa wa Ruwa

Akwai ranar da ba ta barin raina, ranar da anka gwada injin Sahabi gaban manoman Rimawa. Ku da ka aikin tankaɗe yanzu, ku saurara.

Ni nan Rimawa da duk ƙasar Goronyo an san hannuna. Garin biki, garin suna, in ba ni na tankaɗe ba uwar gida ba ta kwanciyar hankali. Shi ya sa Sahabi, injiniya ɗan garinmu, ya zo har gida yac ce, "Inna Hajo, aiki nika so in ɗauke ki."

Inji ya haɗa da hannunshi cikin wani ɗaki da ƙungiyar manoma ta ara mishi. Akwati na, da wani ƙarhe kamar muciya mai shimhiɗa gari siriri kamar ɓawon albasa. Sai wani ɗan kai da anka ciro daga tsohon injin buga takarda ya bi yana ɗiga ruwan gam inda kwamfuta ta nuna. A shimhiɗa, a ɗiga, har abu ya ginu cikin garin, a tono shi kamar rogo. Samfurin farfelar injin ban ruwa yaka son hiddawa, a kai wa masu zubin ƙarhe, manoma su huta da jiran kaya daga Kano albasa tana ƙuna. Garin kuwa na filasta na, irin na adon silin. Aikina in tankaɗe shi sau ukku.

Ƙungiya ta sa ranar gwaji, lokacin dashen albasa. In abu ya yi, a bar mishi ɗakin. In bai yi ba, su zuba taki ciki, shi ko ya karɓi aikin da aka kiran shi Kaduna.

Ana gobe gwaji, gari ya yi yawa, yana tashi yana shiga min ido da maƙoshi. Sahabi ya sha gaya min kar ruwa ya taɓa shi. Amma wace mace ta ɗauki yayyahi ruwa? Na tsoma yatsu cikin ƙwarya na watsa, kamar yadda muka yi wa gero kahin surhe. Garin ya kwanta lumui, na ji daɗin dabarata.

Da sahe manoma sunka cika ɗaki. Muciyar ta ja gari sai ga kunya-kunya kamar an yi huɗa. Sahabi ya dube ni.

"Inna, garin nan lahiya?"

Gaban maza ya tambaye ni. Nic ce, "Mi kaka nuhi? Tun ba a haihe ka ba nika riƙe rariya. Duba ƙarahunanka."

"Yi haƙuri, Inna," yac ce.

Har azahar muna jira. Da anka tono farfelar, Alhaji Garba shugaban ƙungiya ya ɗauka, ta marmashe a hannunshi. Ya kakkaɓe riga yac ce, "Injiniya, wagga ko ƙuli-ƙuli ya hi ta ƙwari." Anka yi dariya. Ni ban yi ba, ban kuma hwaɗi batun ruwan ba.

Sati bai cika ba anka kawo buhunan taki. Ina kallo ya kwance injin, kusa bayan kusa, yana zubawa cikin kwali.

Ranar tahiyarshi na bi shi tasha. Nic ce, "Sahabi, ni na sa ma garin ruwa."

"Na sani, Inna. Tun da na murza shi da yatsa na sani."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"In hwaɗi, Alhaji Garba ya kai labari kasuwa? Wa za ya sake kiran ki biki? Ke kin yi goyon uwata."

Mota ta cika, ya shiga. Bai dawo da zama ba har yau.

To ku ji. Ba kowane hwarin gari na dawa ba, in mai aiki ya kahwa miki ƙa'ida ki bi ko ba ki gane dalili ba. In kuma kin ɓata, ki hwaɗi tun mutane na tsaye, lokacin da maganar za ta yi amhwani. Har gobe ana kirana biki, ana yabon hannuna, ni ko in na bi ta ƙohwar ɗakin takin nan sai in sauya hanya.