Kawu Manu da Mutumin da Ban Ƙirga Ba

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Kawu Manu, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa a Sabiyal. Har yau in na tuna shi, dariya ke riga addu'a zuwa bakina, kuma na san ba zai ji haushin haka ba.

Ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba na sauka gidansa da jakar takardun tambayoyi. Ina neman digiri na biyu, bincikena kuwa a kan yadda manoma ke raba aiki. An koya mana cewa mai bincike ido ne kawai: ya duba, ya rubuta, kada ya sa hannu, don kada ya ɓata sakamako. Na riƙe wannan darasi kamar karatun sallah. Na zaga Alelu da Kuberi ina tambayar dattawa awa nawa suke yi a gona, su kuwa suna duban rana suna dubana. Kawu ya sa mini suna Malam Na-gefe.

Wata rana, an baza albasar shekara guda tana shan iska kafin a zuba ta a rudu, rumfar da ake adana ta, sai hadarin farko ya taso ba sallama. Gida ya watse a guje, maza da mata, kowa da kwando. Ni kuwa na raɓe ƙarƙashin bishiya ina rubuta wa ya ɗauki me. Ruwa ya doki kusan kashi ɗaya cikin uku, ta ruɓe kafin ta ga kasuwar Jega. 

Da na kammala kundina, na kawo masa da alfahari. Ya sa na fassara masa a zaure, gaban maƙwabta. Na iso inda na rubuta cewa ƙarancin hannu ne ya jawo asarar, domin mutum tara kacal ke wurin. Sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Goma muke. Na gomanmu na ƙarƙashin icce da alƙalami. Mi ya hana ka ƙirga shi?"

Zaure ya kwashe da dariya, har liman yana share hawaye. Na yi dariyar ni ma, amma kunnuwana suna zafi. Gaskiya ya faɗa: na auna kowa, na tsallake kaina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni kuwa ina da biyu, na ɓoye su a littafi.

Da yana raye yau, me zai ce? Ɗalibai suna zuwa ƙauye da waya, su cike tambayoyi hamsin ba su sauka daga babur ba. Ina jin zai ba su tabarma da fura tukuna, sannan ya tambaye su sunan kakan wanda suka gama yi wa tambaya. Ba ya ƙin ilimi. Shi ya sayar da tunkiya aka saya mini ƙamus. Abin da ya ƙi shi ne a mai da mutum abin kallo, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gonarsa tana hannun 'ya'yansa, kundina kuwa gara ta ci rabinsa. Abin da ya saura shi ne ƙa'idar da na kafa wa ɗalibaina: ba na sa hannu a kan bincike sai an koma an karanta wa mutanen da aka rubuta a kansu, da harshensu, sun gyara. Bara wata ɗalibata ta dawo daga Maiyama da shafi shida da matan ƙauye suka soke mata, tana murna kamar an ba ta kyauta. Wannan ladan na Kawu ne. Allah Ya kai masa, Ya haskaka makwancinsa.