Duwatsun Murhun Iya Talatu

Cikin shekarun da na yi ina malamin daji a Wudil, akwai wata Juma'a da har yau ta ƙi fita daga raina. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuɗin mai ya fara shigowa. Aikina hana saran itace ba da izini ba. Wanda muka kama mu ƙwace itacen mu tara a sito, makullin kuma yana aljihuna.

Sai umarni ya zo daga Kano: a rage ƙona itace, a koma risho mai kananzir. Ni da rawar kai, na bi masu suyar kifi na bakin gada ɗaya bayan ɗaya, sai da kowacce ta watsar da murhunta. Iya Talatu ce ta fi ba ni wahala. Ɗanta ya tafi yaƙi bai dawo ba, da kaskon nan take ciyar da 'ya'yansa huɗu.

"Malam, lokacin yaƙi ta kan gadar nan tankokin mai suke wucewa, mu ko na fitila ba mu samu," in ji ta.

Na ce, "Haba Iya, wancan zamani ya wuce. A ƙasarmu ake haƙo shi, ina zai je?"

Ai kuwa ya je. Juma'ar nan, ranar kasuwa, ta zo, kananzir ya yi ɓatan dabo. Na hau keke don in nemo wa Iya Talatu, na zaga gidajen mai, na leƙa tasha, na sake komawa, galan yana ta ƙara a bayana wayam. Kafin hantsi ya dubi ludayi, kifin da ta saro kwando uku ya fara sakin jiki, ƙudaje sun yi masa caa. Ba ta yi mini faɗa ba. Kallona kawai take, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye.

Doka ta ce ba a fitar da itacen sito sai da sa hannun babban jami'i, shi kuma yana Kano. Na yi ta juya makullin a aljihu har ya jiƙe da gumi. Daga ƙarshe na buɗe, na ɗauro dami biyu.

Ina hanya gabana ya faɗi: ai babu murhu, ni na sa aka zubar da duwatsun. Ina isa ta miƙe daga inda take zaune, ta yaye buhu. Ga duwatsu uku, baƙi ƙirin.

"A kansu nake zaune tun ranar da ka ce a zubar, ɗan nan."

Litinin na sha takardar tuhuma, ƙarin girma ya wuce ni a shekarar. Ban ji haushi ba, kunya ce ta dame ni. Ku da kuke aikin yanzu, in za ku raba mutum da murhunsa, ku tabbata abin da kuka kawo zai kama wuta ranar kasuwa. Iya Talatu ta koma risho daga baya, amma har ta rasu a kan duwatsun nan take zama.