Saƙon Iya Hure da Na Haɗiye

Duk shekara idan na zo kan darasin harufan nan uku, mim da lam da kaf, sai in ji bakina ya yi ɗaci. Larabci nake koyarwa a wata sakandare a Dutsin-Ma, kuma ɗalibai suna son darasin, don suna tarar da kalmomin da suka sani tun suna goye. Malik shi ne sarki, daga nan muka samo mulki. Idan aka ja wasalin farko ya zama mai abu, daga nan mallaka ta fito. Mamluk kuwa shi ne wanda aka mallaka. Suna rubutawa suna murmushi, ba su san inda na fara jin wannan karatu ba.

A bakin kakata na fara jinsa, Iya Hure, wadda ta haifi mahaifiyata, a wani ƙauye da ke gefen Ɗantutture ta ƙasar Kurfi. Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo, sai ta kwashe garwashin murhu a kasko, ta karya karan dawa ta ɗora, mu jikoki mu kewaye ta. Hannunta ba ya zama banza, kullum tana ɓarar gyaɗa. Karatunta bai wuce na salla ba, amma mahaifinta malami ne, ta tsinci abin da ta tsinta ta bayan zana. Ni take kira maigida, maigidan da bai san cefane ba sai kankare ƙanzo.

"Mulki da mallaka da mala'ika," in ji ta, "kun ji yadda sunayen suka ɗauko kama? Uwa guda ta haife su. Biyu suna da ciki, guda ba shi da shi."

Sai ta ce ga tatsuniya nan ta taho da ƙafarta, mu ce ta ƙaraso ta zauna.

Wai an yi wani sarki mai yawo da ƙwallon tsamiya a aljihu. Duk gonar da ta burge shi sai ya sauka ya binne ƙwallo guda, in ta tsiro gona ta zama tasa. Da haka ya cinye rabin ƙasar. Rannan ya binne a gonar wata tsohuwa wadda ba ta da kowa. Ta nemi wanda za ta aika fada, kowa ya ce ƙafarsa na ciwo. Sai ta kai ƙararta a sujada, Allah Ya aiko mala'ika cikin kamar matafiyi. Sarki ya ga baƙo da alamar magana a bakinsa, ya sa aka kawo tuwon shinkafa da naman rago, baƙo bai taɓa ba. Aka kawo riga mai aska, bai duba ba. Aka jawo doki, ya ce shi ba ya gajiya.

A nan Iya takan ajiye gyaɗa ta ɗaga murya. "Ya ce mashi, ni ba ni da ciki balle a toshe mani baki. An ce in ce maka ka tuge itacenka."

Sarki ya ƙi. Kafin gari ya waye gara ta cinye saiwar kowace tsamiya da ya shuka, kowa ya koma gonarsa. Mu dai abin da ke damunmu shi ne naman ragon da aka bari ya huce. Iya takan dungure mini kai ta ce da ni aka aika da tuni an ga bayan akushi.

Tatsuniyar ba daga sama ta faɗo ba. A wajenmu wanda aka ba aron gona yana shuka gero da dawa da wake, duk abin da ake girbewa a shekara, amma ba ya dasa itace, don itace shaidar mai gona ne. Kuma duk kaka yakan kai wa mai gonar dami guda na gero, ba don haya ba, don kowa ya ga inda damin ya nufa. Iya tana da gona a bakin fadama, gadon mahaifinta. Da kakanmu ya rasu ta ba ɗan ƙanenta aro, Kawu Lawal, wanda ta goya da bayanta. Shekarar da aka yi fari ya kawo dami, ta dube shi ta dubi yawan 'ya'yansa, ta ce ya mayar, tsakaninta da shi babu dami. Ita tana nufin wannan shekarar. Shi kuwa bai sake kawowa ba, kunya kuma ta hana ta tambaya.

Ina da shekara goma sha takwas Kawu Lawal ya zama mai unguwa. A daminar nan wata mata da ta je ɗiban ganyen yakuwa ta gaya wa Iya cewa ta ga dashen mangwaro uku a gonar, an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Iya ta kira ni ɗakinta. Ranar ba ta yi mini wasa ba.

"Maigida, ni ba ni iya kallon idon Lawal in faɗi wagga magana, ɗana ne. Kai za ka tafi. Ka ce mashi na ce ya tuge itacen nan tun bai yi saiwa ba. Gona ya ci gaba da noma, amma itace a'a."

Na tafi. A aljihuna akwai takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, wadda ba za a karɓe ni a kwaleji ba sai da ita, ita kuma ba ta tafiya gaba sai mai unguwa ya sa hannu. Na tarar da shi a zaure. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka dama fura, ya karɓi takardar ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, ya ce Allah Ya sa in zama alƙali. Sannan ya tambaye ni ko Gwaggo ta ba ni wani saƙo. Na dubi takardar, tawada ko bushewa ba ta yi ba. Na ce tana gaishe shi.

Da na koma na ce wa Iya na faɗa masa, ya ce to. Ta yi hamdala. Ta jira damina ta wuce, ta jira wata. Ta ɗauka taurin kai ne irin na ɗan yau, zai sauko. Ni kuma na tafi karatu, na riƙa gaya wa kaina cewa gara za ta yi aikinta.

Gara ba ta zo ba. Bayan shekara goma sha biyu mahaifina ya rasu, Iya ta so ta karɓi gonar ta ba mahaifiyata ta riƙe marayu. Kawu Lawal ya ce wace gona, ai kyauta aka ba shi. Magana ta kai gaban dagaci. Dattawan da suka shaida aron duk sun kwanta dama. Aka tambayi dami, aka ce rabon da a gan shi an manta. Aka tambayi itace, ga mangwaro har sun yi inuwa. Dagaci ya ce, "Iya, da aka dasa, kin yi magana?"

"Na aika, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ga ɗan aiken nan zaune, malami ne yanzu."

Aka ɗauko Alƙur'ani aka ajiye a gabana. Gaskiyar da na kasa faɗa ranar da za ta yi amfani, ita na faɗa ranar da za ta kashe mu. Na ce ban isar ba. Kawu Lawal ya sunkuyar da kai kamar mai jin tausayina, kuma har gobe wannan sunkuyon ya fi komai ƙona mini rai. Aka bar masa gona.

A kan hanyar gida na riƙe mata hannu saboda idonta ya yi rauni. Ba ta fizge ba. Na so ta zage ni, ta tsine mini ma in ta ga dama. Sai da muka kai ƙofar gida ta ce, "Ban yi fushi ba, maigida. Laifina ne. Na manta mai ciki na aika."

Ta yi shekara biyu bayan nan kafin ta rasu. Ƙananan jikoki sun ce ta ci gaba da yi musu tatsuniya, ta gizo da ta kura, amma ba su taɓa jin ta sarki mai ƙwallon tsamiya ba.

A littattafan lugga na tarar Iya ta yi daidai a biyu. Mulki da mallaka tushensu ɗaya, shi ya sa ban yi mamaki ba da mai unguwa ya ga abin da ke ƙarƙashin ikonsa ya ɗauka nasa ne. A na ukun malamai sun saɓa. Wasu sun haɗa mala'ika da wancan gida, amma da yawa sun ce daga wani tushe dabam ya fito, mai ma'anar saƙo, wato mala'ika shi ne wanda aka aika. Ranar da na karanta wannan na rufe littafin na fita waje. Ina gaya wa ɗalibaina duka ra'ayoyin biyu, in suka tambayi wanda na fi yarda da shi sai in ce lokaci ya ƙure.

Kawu Lawal yana nan da ransa, ya je Makka sau biyu. Duk bazara yakan aiko mini da kwandon mangwaro a motar Kurfi, wai na ɗansa malam. Mahaifiyata tana sayen gero da kwano a kasuwa. 'Ya'yana suna murna in kwandon ya iso, suna cewa babu mangwaro mai zaƙin na gonar Kawu, ni kuwa ban taɓa gyara musu sunan gonar ba.