Hancin Maigida a Bangon Ɗakina

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku.

Ba a daɗe da tafiyar Turawa ba, muna zaune a Gayam, maigidana yana leburanci a gandun daji. Ni kuwa aikina zanen bango: farar ƙasa, jar ƙasa, gawayi, a kwaɓa da ƙaro, a shafa da gashin kaza. Da can zabi nake zanawa da barewa. Sai ƙanin mijina ya dawo daga karatu a Zariya, ya ce duk hoton abu mai rai a kankare shi. Da hannunsa ya kankare mini zabi tara.

Wata rana maigida ya kawo ƙusoshi naɗe cikin takardar Turawa. Da na warware ta sai ga hoto: ido biyu a kunci ɗaya, hanci ya nufi gabas, baki yana kallon yamma, kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke da gaggawa. Har jaje na yi wa mai fuskar. Kwana uku ina dubawa kafin na gane: mai zanen bai zauna wuri ɗaya ba. Zagaya mutumin ya yi, gaba, gefe, ƙeya, ya tara duka a fuska guda.

Daga ranar, maigida na cin tuwo, ni ina zagaya shi.

"Lafiya? Allura kika yar?"

"Ci abincinka, amma kada ka motsa kunne."

Ranar da na gama zana shi a bangon ɗakina, ƙanin miji ya iso da guntun fartanya a hannu.

"Matar yaya, wannan mene ne?"

"Kai ne mai karatu, karanta."

Ya duba a tsaye, ya duba a tsugune, ya karkata kai har hularsa ta faɗi.

"Nan kamar tulu, nan kamar sirdin keke. Amma wannan ido ne."

"Wa ka sani mai ido a ƙarƙashin kunne?"

Ya ce Inna ce za ta raba gardama: in mutum ne, yau bangon zai koma fari.

Inna, wato surukata, ta shigo ta ɗaga kai. Na ga idonta ya sauka a kan lanƙwasasshen hancin nan, da tabon da reshe ya bar wa maigida a gira. To amma maigidana ɗan farinta ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna shi a gaban mutane ta ce ga nata ba. Sai ta ja mayafi, ta kau da kai, kamar yadda take yi in ya yi sallama.

"Inna, mutum ne? Wane ne?"

"Ni ba ni da ta cewa a kan wannan bango. Fita daga ɗakin matar mutane."

Ya fita da fartanyarsa.

Ƙanin miji ya zama limamin unguwarmu, har ya koma ga Allah yana kiran zanen tulu. Maigida ya rasu bai san shi ne ba, cewa yake abin yana kama da shugabansu na gandun daji. Inna kuwa, duk lokacin da aiki ya kai maigida cikin daji ya yi kwanaki, sai ta shigo aron gishiri, ta daɗe a tsaye gaban bangon, ta fita ba gishirin. Bangon, damina ta bakwai ce ta cinye shi. Ni ce dai na rage, ga kunnuwanku.