Kawu ya je Ingila kallon albasa

Yau ina gyara akwatin Inna na ci karo da hoton ƙanenta, Kawu Bala, sanye da kwat, rungume da albasa kamar kan jariri.

Tun garinmu Aliero na cikin jihar Sakkwato anka tura shi Ingila kwas ɗin aikin gona. Ran da ya dawo Aliero gidanmu ya cika, don Inna ta gama shaida wa unguwa cewa ƙanenta ya ga fadar Sarauniya.

Ta ce, "Bala, ba mutane labarin birni."

"Wane birni, Yaya? Ƙauye anka kai ni. Ran hutu mu zaga gonaki da ƙafa, mu kalli tumaki, mu sha shayi. Babban bikinsu gasar albasa."

Inna ta riƙe haɓa. "Jirgi ya ɗauke ka daga Aliero don ka kalli albasa?"

"Har tafi suka yi mata! Mu da muka noma ta, wa ya taɓa tsayawa ya dube ta?"

Daga ranar, duk baƙon da ya sauka gidanmu sai Kawu ya kai shi fadama kallon albasa. Inna ta yi ta mita, amma ga shi ita ta adana hoton.

Ku fa, mi za ku fara nuna ma baƙo garinku?