Ranar da Muka Baza Cittar Mama Duka

Mu huɗu abin ya shafa kai tsaye: mahaifiyata, wadda ta riƙe mu da noman citta tun rasuwar mahaifinmu, ni, 'yarta ta fari, ina aji biyar a sakandare, malaminmu da ya kafa ƙungiyar kiyaye haɗurra ta makaranta, da kansilan mazaɓarmu, ɗan aminiyar mahaifiyata a zumuntar mata ta coci, wanda ta sha goyawa yana jariri.

A ƙauyenmu, da ke bakin titin Kafanchan, a gefen kwalta ake shanya citta. Idan aka haƙe ta a ƙarshen shekara, mata su tsaga ta da wuƙa, su baza a kan tamfol, su jera duwatsu don kada mota ta taka. Zafin kwalta yana busar da ita da wuri, ba ta kwasar ƙasa, kuma irinta masu saye suka fi so. Sai dai wannan gefen shi ne hanyar masu keke. Mu da muke zuwa makaranta a kan keke dole mu kauce wa duwatsun, mu shiga tsakanin 'yan acaba da motocin haya. Da wata 'yar ajinmu ta ci karo da dutse ta karye a hannu, malam ya rubuta wa ƙaramar hukuma.

Kansila ya zo da kansa, ya yi mana jawabi a filin taro. Ya ce za a ja farin layi domin masu keke, za a kuma gina wa mata dandamalin siminti na shanya a bayan firamare. Aikinmu shi ne mu rubuta sunayen masu shanya a titi, domin a zo ran Laraba a auna, a ba kowace mace wuri gwargwadon yawan shanyarta.

Ni ce sakatariya, saboda kyawun rubutuna. Yawancin 'yan ƙungiya sun ƙi ba da sunayen iyayensu, na kuwa gaya musu a gaban malam cewa wannan rashin gaskiya ne. Gida bakwai na samu. Sunan mahaifiyata na fara rubutawa.

Ran Talata da la'asar na tarar da ita a tsakar gida, wuƙa a hannu, yatsunta duk sun yi fari don yaji.

"Mama, gobe za su zo awo. Ki fitar da ita duka."

"Duka? Har wadda na tsaga yau? Ke 'yar boko, yaushe gwamnati ta taɓa auna abu ta ba mutum?"

"Yawan shanyarki, yawan wurinki. Haka kansila ya faɗa."

"To, Madam Sakatariya. In yaron nan ya yi mini ƙarya, a ƙofar coci zan ja masa kunne."

Ta saba fitar da buhu biyu ko uku a lokaci guda, sauran tana ajiye a inuwa. A ranar, ni da ƙanwata muka yi ta jigila a kan kekena har muka baza noman shekara gaba ɗaya. Na tsaya ina kallon tsawon shanyar, raina fari.

Washegari da hantsi motar ƙaramar hukuma ta iso. Ban ga igiyar awo ba. Shebur na gani, da buhunan da babu komai a ciki. Wani ma'aikaci ya buɗe takardata, ya sanar cewa duk wadda sunanta yake ciki an riga an gargaɗe ta, don haka za a kwashe kayanta. Waɗanda 'ya'yansu suka ɓoye sunayensu kuwa, aka ce su naɗe tamfol su tafi, wannan ne gargaɗinsu na farko.

Mahaifiyata ta nufi kansila, wanda yake tsaye a jikin mota.

"Ɗana, mene ne wannan?"

"Mama, ba ni ba ne, oda ce daga sama. Za a dawo miki da kayanki."

"Ɗanya ce, ɗana. In ta kwana a buhu ta lalace. Honorabul, ka kalle ni mana."

Wayarsa ya ci gaba da dubawa. Malam ya yi magana, aka ce masa ya mayar da ɗalibansa aji.

Mako uku tana hawa acaba zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, kullum shugaba ya yi tafiya. Da aka saki buhunan, cittar ta yi fumfuna, ta yi baƙi, tana wari. Ta kai Kafanchan duk da haka. Babu wanda ya taya. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ruwa kawai ta ce in ɗebo mata, ta wanke buhunan ta linke.

An ja farin layin, an ɗauke mu hoto, an ba ni takardar yabo. Kafin Ista manyan motoci sun mayar da wurin mazauninsu, masu keke suka koma tsakiyar titi. Inda aka ce za a yi dandamali, yanzu doya ake nomawa. Na gama jami'a, kuma har yau ban iya gaida mutumin nan a coci ba, ko da yake mahaifiyata tana amsa gaisuwarsa.

Ga abin da takardata ta cinye. Buhu goma sha ɗaya namu. Ashirin da shida na maƙwabta. Tamfol huɗu. Zango biyu na karatun ƙanwata. Gida shida da suka daina shigowa namu.