Rawa a Ramin Kainuwa

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da aka kirawo mini liman ba, wai na taɓu. Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mini 'yan raguna. Har yau in na ambace shi sai hawaye. Ban daɗe da fita takaba ba rani ya tsananta, harawa ta ƙare, suka rame har haƙarƙarinsu ya fito. Su kaɗai suka rage mini cikin abin da hannunsa ya taɓa.

Wata malamar gona da aka turo daga Bodinga ta ce in sa a kwaso mini kainuwa da ganyen bado a madatsar ruwan Shagari. A shanya su sha iska, a yayyanka, a gauraya da dusa, a zuba a ramin da aka shimfiɗa wa leda, a tattake har iska ta fita, a rufe da ƙasa, bayan 'yan makonni a buɗe a ba ragunan. Na ce, "Ɗiyata, kainuwa? Abin da Malam ya ƙare rayuwarsa yana zagi don tana toshe masa hanyar ban ruwan albasa?" Ta ce, "Inna, gwada dai."

Kainuwa na da ƙaiƙayi, sai na zura takalman robar Malam, waɗanda ƙafafuna biyu za su shiga cikin guda. Na shiga ramin bayan ɗaki ina tattakawa. Ƙarar takalman ta tuna mini tafiyarsa, kuka ya ƙwace mini. Ga kuka, ga tsalle, ga zane a tattare.

Ashe maƙwabciyata na leƙe ta kan darni. Can sai ga ta da liman da ƙanen Malam, tana cewa, "Ga ta nan. Ta gina kabarinta da kanta, tana rawa ciki da takalmin mamaci."

Liman ya tsaya nesa-nesa yana tofi, ya ce, "Baiwar Allah, wa ke magana, ke ko su?"

Na ce, "Ni ce, Allah gafarta Malam. Abincin raguna nake yi."

Ƙanen Malam ya ce, "Kun ji ko? Bari in kwashe dabbobin ga tun ba ta binne su ba."

Na roƙi a jira a buɗe ramin, in ba su ci ba ya kwashe. Liman ya ce aljani ba ya neman wa'adi, a ba ni.

Ranar buɗewa rabin unguwa ta taru. Tsami ya taso kamar kunun da ya kwana. Ragunan suka shinshina, suka ja baya. Ƙanen Malam har ya fara kwance igiya, sai ƙaramin ragon, wanda Malam ya fi so, ya sa baki ya fara ci. Sauran suka rufa masa baya. Liman ya matso ya rage murya: "Inna, ita dusar, kamar yaya ake zubawa?" Kafin damina, maƙwabciyar nan ta zo aron takalman.

Ragunan sun yi ƙiba, Malam kuwa bai gani ba, ga shi da yana nan shi zai fi kowa dariya. Abin da na koya shi ne, kainuwa dai dashen Allah ce, ba a raina ta. Kuma in ka ga mutum cikin rami, ka tambaye shi me yake yi kafin ka kira masa liman.